Kan Kazar Maigida Tseng

Ni dai abinci nake sayarwa a Hsinchu, ba ruwana da kwamfuta. Amma mai kai miya teburi kunnenta ba ya toshewa.

Shekarar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi wuya, kowa layi yake bi a babbar masana'antar da ke buga ta. Maigida Tseng da Maigida Peng, masu kamfanoni biyu da ke zana ƙwaƙwalwar, a jarida kamar za su cinye juna. A ɗakina na baya kuwa kwano ɗaya suke tsoma tsinken cin abinci, suna raba layin tsakaninsu don kada wani ƙaramin kamfani ya sami gurbi.

Kwatsam sai ga hukumar hana danniya a kasuwa ta fara tambaye-tambaye. Tseng ya rantse daga cikin gidansa aka kai tsegumin. Zarginsa ya sauka kan Fan Mei-chu, mai nema wa kamfaninsa gurbi a masana'anta, wai don ƙanin mijinta yana aiki a ƙaramin kamfanin. Yarinyar nan a bayana ta girma, kuma ita ke riƙe da uwarta mai shanyewar ɓarin jiki.

Ranar walimar ƙarshen shekara Tseng ya shigo mini kicin da kansa, ya ce in na kawo dafaffiyar kaza in saita bakinta kan Mei-chu. Wanda kan kaza ya kalla a walimar nan ya san bayan sabuwar shekara ba shi da aiki.

Na ce masa to. Ina yanka albasa na tambaye shi ko abokin cin nasa Peng lafiya, don tun kaka ban ga ƙeyarsa ba. Ya ce ina ruwana.

"Babu, Yallaɓai. Na dai ji a shagon ƙanwata wai an gan shi da wasu mutum biyu masu rataye da katin gwamnati. Wai wanda ya riga kai kansa, sassauci ake yi masa, ko?"

"Inna, bakinki ya fi wuƙarki kaifi."

"Shi ya sa nake riƙe da su duka biyu."

Ya fita bai soke umarninsa ba, don haka na ajiye kazar yadda ya ce. Mei-chu ta aje tsinken cin abincinta ta zuba wa kazar ido, na kusa da ita har ya ja kujerarsa gefe. Tseng ya daɗe yana murza kofin shayi. Can sai ya sa yatsa ya juya faifan tsakiyar teburin da kazar ke kai a hankali. Duk wanda bakin kazar ya bi ta gabansa sai ya sunkuyar da kai, har ya tsaya a kan Tseng ɗin. Ya ce bana ba mai tafiya, a ci abinci.

Labarin Peng daga bakin direbansa ƙanwata ta ji, shi kuwa in ya sha giyar dawa har da sarkin sama yake cewa ya taɓa ɗauka a mota.

Da aka watse Mei-chu ta leƙo kicin, ashe abin da na faɗa wa Tseng ya kai kunnenta. Na zaci godiya ta zo yi. Sai ta matso ta yi ƙasa da murya, ta tambaye ni mutanen nan biyu masu kati, akwai wata doguwa mai tabarau a cikinsu? Ni kuwa ban ce wa kowa akwai mace ba, don ban ma sani ba. Sai wanda ya taɓa zama da mutanen hukumar ne zai sani.