Sojojin Farfesa

Mijin Yaya bai taɓa shiga makarantar likitanci ba, ko da don fakewa ruwan sama, amma Farfesa ake kiransa a gidan, kuma amsawa yake yi. Sana'arsa koyar da tuƙin mota. Sauran ilimin duniya kuwa a waya yake tsintarsa, kafin ɗalibi na gaba ya iso.

Ranar da sakamakon naman da aka yanko daga nonon Yaya ya fito, shi ya karɓi takardar. Ya tsallake layin da ya ce cutar daji ce, wato kansa, ya tsallake wanda ya ce a gaggauta tiyata, ya dira a kan layi ɗaya tak: ƙwayoyin garkuwar jiki sun cika ƙarin da ke nonon.

"Kun gani ko?" in ji shi, yana kaɗa takardar. "Sojojin jikinta sun yi wa abin ƙawanya. Wane mahaukaci ne zai sa wuƙa ana tsakiyar cin nasara?"

Ya buga wa asibiti waya ya soke aikin da aka sa ranar Talata, ya jera kwalabe bakwai na maganin ƙara garkuwa a kan firji. Yaya ta biye masa. Dama tsoron wuƙar take yi, ga shi an ba ta dalili.

Ƙanwarta Auta kuwa shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin awon asibitin, tana yanka nama siriri kamar ɓawon albasa, tana rina shi a kan gilashi. Da labarin ya iske ta, haushi ya turnuƙe ta, tsoro ya biyo baya, don ta san ɓarnar da jinkiri ke yi. Musu da Farfesa ɓata yawu ne. Sai ta nemi izinin likita, ta kawo su biyun ɗakin awon da rana.

Ta ɗora gilashin Yaya a madubin likita.

"Leƙa, Yaya. Shuɗayen nan marasa fasali su ne kansar. Masu ruwan ƙasa kuma su ne sojojin da ake ta yi musu kirari."

"Da yawa kuwa," in ji Yaya a hankali.

"Da yawa. Amma irin waɗannan aikinsu gyaran rauni ne. Ƙarin ya ruɗe su, sun ɗauka shi rauni ne. Suna janyo masa jini, suna share masa hanya, suna danne 'yan'uwansu masu faɗan gaske. Masu faɗan ga su can a gefe, 'yan tsiraru. Su kaɗai ba za su iya ba."

Farfesa ya yi tsaki. "Wannan ra'ayinku ne na 'yan asibiti. Matsa in gani da idona."

Ya gyara zaman hula, ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, ya murɗa abin da ba a ce ya murɗa ba. Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Tabbas! Ga su nan suna fafatawa. Kai, wani ma ya danne wani!"

Yaya ta dubi hannun Auta. Gilashin yana nan tsakanin yatsunta, ta riga ta zare shi don mayarwa akwati. Babu komai a ƙarƙashin madubin sai hasken fitila.

Yaya ta daɗe tana kallon ƙeyar mutumin da ta ba amanar jikinta shekara ashirin da biyu.

"Auta, Talatar nan tana nan?"

"An ba wa wata, Yaya. Sai bayan sati biyar."

Yaya ta dafa ƙirjinta, daidai inda ƙullutun yake.

"Sa sunana. Kuma lambarki za ki ba su, ba tasa ba."

Farfesa bai ji ba. Yana sunkuye yana ƙirga, ya kai soja na goma sha huɗu.