Cinikin Faifai a Waya

Duk Kamarawa an san Na'Allah da kasuwa. Shekara hamsin yana dillancin awaki a Bafarawa, ba a taɓa jin mai saye ya kai shi ƙasa ba. Manyan fari biyu sun wuce ta kansa yana tsaye. Wanga na uku ne yaz zo da nashi salo: gero ya bushe tun yana gwiwa, kasuwa ta mutu, rumbu ya kai ƙasa. Abin da yar rage damin iri ne guda, na shukar baɗi. In anka ci shi, ko ruwa ya dawo babu abin kaiwa gona.

Mai ɗakinsa Tani tana ɗinkin faifai, irin mai ja da baƙi wanda ko ruwa ka zuba sai ya yi shawara kafin ya wuce. Ɗiyarsu Zulaihatu da ke aure a Isa ta kawo tsohuwar wayarta, ta sa shi cikin wani zauren WhatsApp na matan Sakkwato masu haɗa kayan ɗakin amare. Da yake bai iya karatu ba, ta koya mai inda za ya danna ya yi magana.

"Baba, hoto mai kyau, ka faɗi kuɗi, in an yi magana ka amsa da wuri."

"Ke, ni za ki koya ma ciniki?"

Hoton farko, shi ne tsaye cikin babbar riga, faifan a hammata. Ya bi shi da murya ta minti tara, tun daga farin da yac cinye shanun Turba har yadda yat taka zuwa Maraɗi da ƙafa.

"Malam," in ji Tani, "faifai aka saidawa ko kai?"

Duk da haka wata Hajiya Fadima ta yi magana, tana son guda arba'in, nawa ne? Na'Allah ya hau tudun bayan gari inda waya ka kamawa, ya gyara murya yac ce, "Taya." Ta taya. Yac ce, "Albarka," ya jefa wayar aljihu ya sauko. Haka ake yi. Mai kaya bai nuna yunwa. Mai saye ya juya baya, ya yi taku uku, ya waiwayo da kansa.

Kwana huɗu Hajiya ba ta waiwayo ba. A kasuwa da ya ga ƙeyarta, ya san lokacin da za ya ce zo mana. Nan babu ƙeya, gilashi ne kawai.

Rana ta biyar da hantsi ya shigo gida yat tarar da Tani ta kwance damin iri, zangarniya shida a cinyarta, turmi a gefe.

"Kaɗan za ni ɗiba," tac ce, ba ta ɗago ba. "Kwana uku ganyen tafasa kaka ci. Na ga kana dafa bango in za ka tashi."

"Ni? Bangon nika tallaba kar ya faɗi."

Ba ta yi dariya ba. Ya durƙusa ya karɓi zangarniyar a hankali. Sai yag ga yatsunta, duk allura da kaba sun tsattsage su, ta naɗe babban da tsumma. Shekara nawa suna tare, bai taɓa tambayarta kwana nawa faifai guda ka ci ba. Yanzu ya tambaya.

"Uku. In ido ya yarda."

"To nawa kika so a ce?"

Ta faɗi. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Tare sunka hau tudun, yana gaba da kaya, tana baya tana hutawa. Ya shimfiɗa farin zane, ya jera faya-fayan inda rana ta fi kyau, ya ja da baya har inuwarsa ta fita daga hoton. Sannan ya danna.

"Hajiya, Na'Allah na. Na yi miki cinikin awaki, ki yi haƙuri. Aikin mai ɗakina ne, kwana uku guda. Ga kuɗinsa, babu tayi. Motar Isa na kai miki ranar da kinka ce."

Sunka zauna ƙarƙashin aduwa. Ba su kai ga azahar ba wayar ta yi ƙara, sai ga muryar Hajiya.

"Baba, ai na zaci kun fasa, har na sayi ashirin wani wuri. A aiko min sauran ashirin. Ka gaishe da Inna, hannunta na da kyau."

Kuɗin ashirin na isa a auno dawa ta kai su wani lokaci. Na'Allah ya sake danna muryar, ya kara ma Tani a kunne don ta ji gaisuwarta da kanta.

"Rabi ka ɓatar muna, sarkin ciniki."

"Rabin na bar ma wasu su ma su ci."

Da sunka koma gida ya maida zangarniya shidan cikin dami, ya sa gwiwa ya ɗaure tam, ya miƙa shi can ƙuryar rumbu. Ranar ma tafasa sunka ci. Tani ta ƙara mai gishiri.