Babana Ya Girgiza Kai

Duk wanda ya ji sunan mahaifina sai ya dafe ƙirji ya fara rera mini waƙarsa, sai ka ce ni ban taɓa jin ta ba. Direban tasi ya yi mini, mai tumatir a kasuwa ta yi mini, har wani da na kwantar zan cire masa haƙori ya so ya gwada da auduga a kunci. Strahil Donkov na kowa ne a Bulgeriya. Ni dai abin da na sani shi ne, ina ƙarama ya rataya jitarsa ya tafi Hamburg ta ƙasar Jamus yin waƙa a gidajen cin abinci, ya ce kaka ɗaya zai yi ya dawo. Kaka ta wuce, wasu suka biyo ta. Na fara zama budurwa lokacin da aka kawo mana akwatin gawarsa.

Saboda haka ranar da Mama ta kira ni a waya ta ce masu fim suna son dawo da shi, sai na ce su bar shi inda yake, ai shi ya zaɓi zaman can.

"Zori, ba ki ma ji zancen ba."

"Na ji mana. Mutumin da bai dawo da ƙafarsa ba, shi kwamfuta za ta dawo da shi?"

Kafin tafiyarsa ya taɓa fitowa a wani fim na 'yan sama jannati, wanda har yau ake sakawa a talabijin duk hutun sabuwar shekara. Shi ne mawaƙin wani masauki da ke rataye tsakanin taurari, cikin riga mai ƙyalli wadda Mama ta rantse da labulen otal aka ɗinka ta. Fitowar tasa ba ta da tsawo, amma ita mutane suka riƙe. Yanzu za a yi kashi na biyu tare da wani kamfani na Kanada. Sun tattara hotunansa da faya-fayansa, sun koya wa na'ura fuskarsa da muryarsa, sun ma riga sun haɗa wurin da zai fito. Abu ɗaya ya rage, yardar matarsa. In ta ce a'a, a cire shi. Mama ta ce ba za ta ce uffan ba sai ta gani da idonta, ni kuma na rufe asibitina da safe na bi ta don in tabbatar a'a ta ce.

Daraktan, wani dogo siriri mai suna Momchil, ya taryo mu tun daga bakin ƙofar kamfaninsu a gindin dutsen Vitosha, yana ta ce mata lelya kamar ƙanwar babansa ce.

"Lelya Latinka, ni da waƙoƙin mijinki aka yaye ni."

"To an yaye ka da wuri, shi ya sa ka rame haka. Ungo, ci banitsa."

Ta miƙa masa ƙunshin burodin mai cuku da ta gasa tun asuba, mai ya fito a jikin takardar. Na ce mata mun zo ƙin yarda ne, ba gaisuwar surukai ba. Ta ce ko kotu za ta je ba ta zuwa hannu rabbana. Momchil ya yi dariya yana satar kallona, ya gane inda matsalarsa take.

Ya kai mu wani ɗaki mai kujeru kaɗan da ƙaton allo. Aka kashe fitila.

Na shirya ganin ɗan tsana, in yi dariya in ja uwata mu tafi. Abin da na gani ya fi haka muni, domin babana ne. Kafaɗarsa ta hagu da ke ɗan saukowa in ya riƙe jita, yadda yake lumshe ido kafin ya ɗaga murya, duk suna nan. Ga shi yaro ɗanye, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya fara wata waƙa da bai taɓa yi ba a duniya, da muryar da nake ji daga ɗakin girki in yana aske gemu. Na ji haushin kaina, na nemi abin da zan soka.

"An gyara masa haƙora," na ce. "Na gaban nan a karkace yake."

"Sai a mayar," in ji Momchil cikin duhu. "Aikin yini ɗaya ne."

"Kamar wajen tela ke nan. A rage nan, a ƙara can."

"Zori, yi mana shiru," in ji Mama.

A cikin labarin, an yanke shawarar barin masaukin, kowa yana kwashe kayansa. Shugabar jirgi ta zo ta tsaya a gaban dandamali, ta jira ya kai aya. Da Turanci suke magana, fassara tana bi a ƙasa. Ta ce masa jirgi zai tashi, zai koma gida tare da su? Babana ya dube ta, ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai, wanda a wurinmu 'yan Bulgeriya eh ke nan. Na ce a raina to, ko a fim dai ya yi hankali. Sai kuma na ga ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi, shi yana nan yana yi wa kujeru waƙa.

Momchil ya miƙe zumbur, ya sa aka tsayar, aka kunna fitila. Kunnuwansa sun yi ja.

"Ku yi haƙuri, kuskure ne. A rubuce ƙin zuwa ya yi. Yaran Kanada ne suka haɗa motsin kan, su kuma kun san su, in sun girgiza kai a'a suke nufi, in sun gyaɗa shi ne eh."

"Duniya duk a baibai take yin abin nan," na ce. "Mu kaɗai muka iya."

"Ni ma laifina ne, zaman da na yi a can ya ɓata mini ido. Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga ban lura ba, sai yau da na zauna kusa da ku. Za a gyara, lelya. Wanda za a nuna a nan gida, zai gyaɗa kai yadda kowa zai gane ya ƙi."

Mama ba ta dube shi ba. Idonta yana kan allon, inda fuskar ta daskare da murmushin nan. Ta riƙe hannun jakarta da hannu biyu.

"Sake nuna mini, ɗana."

Aka sake. Ta ce a ƙara, aka ƙara. Sannan ta fara magana, kuma Momchil take yi wa, ba ni ba.

"Na je wurinsa sau ɗaya. Kakar ƙarshe ce, na bar yarinyar nan wajen kakarta a Troyan. Kwanakin da na yi, rabinsu faɗa ne. Ranar da zan taho ya raka ni tashar jirgin ƙasa, muna ta zancen banza, wai kar in manta laima, wai in gaishe da wane. Sai da na shiga na zauna sannan na samu ƙarfin hali. Tagar ba ta buɗuwa. Na buga gilashin, na nuna masa hanyar gida da hannu, na ce za ka dawo? Ya gane, ya karanta bakina. Ya yi wannan murmushin, ya girgiza kai. Jirgi ya ja."

Ta gyara zaman jakar a cinyarta.

"Na yi ta murna, har na raba wa mutanen da ke kusa da ni guzurina. Sai can cikin tafiya na tuna wani abu. A gidan abincin da yake waƙa, na ga wani sabis ya zo zai ƙara masa giya, ya girgiza masa kai, sabis ɗin ya juya da kwalbarsa. Ashe ya koyi irin nasu. To ni wanne ya yi mini, namu ko nasu?"

"Ba ki tambaye shi ba?" Muryata ce, amma ta fito kamar ta wata.

"Kullum sai in ce in ya kira zan tambaya. In ya kira sai mu yi zancen sanyi da takalminki na makaranta. Tsoro nake ji, Zori. Kafin ƙanƙara ta narke zuciyarsa ta tsaya."

 Momchil ya zauna a hannun kujera yana murza yatsu. Mutumin kirki ne, kuma kirkin ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa.

"Lelya, muryarsa tana hannunmu. In kina so, sai in sa ya faɗa da baki. Ba don fim ba, naki ke kaɗai, ki tafi da shi gida. Ya dube ki ya ce zan dawo, Latinka."

Ya kamata a ce na taso masa. Ni ce fa na zo da faɗa a aljihu. Amma gaskiya zuciyata tsalle ta yi, na so in ji, na so ƙwarai, ko da ƙarya ce. Na juya ina jiran Mama ta karɓa.

Dariya ta yi, 'yar gajeriya, ta share gefen ido da bayan hannu.

"In ya ce zai dawo, ai kai ka faɗa. Ni kuwa ba kai na aura ba."

"To me kike so a yi?"

"Haƙorin ka mayar masa, 'yata ta fi ka sanin haƙori. Waƙar nan ba tasa ba ce, shi ba ya jan numfashi a tsakiyar kalma, amma ku je ku ƙarata. Kan nan dai kar wanda ya taɓa shi. Na gida da na waje, duk a bar shi haka."

"Mutanenmu za su ce mun yi shirme, lelya. Ya ce eh, kuma ya zauna."

"Su ce. Duk fim ɗin nan naka, nan kaɗai na ga mijina." Ta miƙe tana gyara mayafin wuyanta. "Na yarda. Ga shi da baki na faɗa, ka ji da kunnenka."

A barandar waje na tsayar da ita. Raina a ɓace yake, na rasa ma da wa.

"Shekara da shekaru kina ji ina cewa ya yar da mu, ba ki taɓa cewa komai ba."

"Me zan ce miki? In ce ban sani ba? Yarinya ba ta iya zama da ban sani ba. Kin zaɓi amsar da za ki iya ɗauka, na bar ki da ita."

"Ke kuma fa?"

"Ni ban zaɓa ba. Wata rana in tashi yana hanya, wata rana in tashi ya manta da mu. Haka na tsufa."

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma ban taɓa tunanin akwai wadda za ta zauna a cikinsa da gangan don kar ta yi wa mamaci ƙarya ba. Ni kuwa na zo da fushina cikakke, wanda na rena tun ina yarinya, na gina rabin halina a kansa, ga shi an zare masa ƙafa ɗaya. Da can na san ko wane ne babana. Ya fi mini sauƙi.

Na ce mata na manta wani abu a ciki. Ta dube ni, ta san ban shiga da komai ba. Ta nemi benci ta zauna, ta ce in je, ita ba ta sauri.

Momchil yana tsaye yana cin banitsa da hannu, ya yi saurin goge baki. Na ce ya kashe fitila ya sa mini wurin. Na san sarai wani yaro ne a wata ƙasa ya motsa kan nan da yatsa, bai san Hamburg ba, bai san uwata ba. Duk da haka na matsa kujerar gaba, na ƙura wa idanun ido, ina neman gane wanne yake nufi. Ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi, ban gane komai ba.

Momchil ya tambaye ni ko ya isa. Na ce masa ya sake sakawa.