Kwalba Uku a Cikin Safa

Solange na tsaye gaban mai cuku a kasuwar Wazemmes ta garin Lille, tana jira a yanka mata rabin wanda ta nuna, sai ƙawarta Ghislaine ta dafa kafaɗarta ta baya, ta tambaye ta ko ta ga saƙon da Dokta ya aika jiya.

"Wane saƙo?"

"Na taron yau mana. Har ya rubuta giyar da za a ɗanɗana watan gobe. Bordeaux."

"Watan gobe ai nawa ne."

"Shi ya sa na ce bari in gaya miki tun a nan, kada ki je ki fashe a gaban mutane."

Solange ta karɓi cukunta, ta jefa shi a jaka kamar shi ya yi mata laifi. Ƙungiyar tasu mutum goma sha biyu ce. Asabar ta farkon kowane wata suke haɗuwa da ƙarfe uku a ɗakin baya na wani gidan shan kofi, kowa ya zo da kwalbar giyar inabi ɗaya sanye cikin safa don kada a ga sunanta, a ɗanɗana, a tofar, a yi ta gardama. Yankin da za a sha giyarsa kuwa bi da bi ake zaɓa, kowa da watansa. Nuwamba na Solange ne. Shekarar farko tana sabuwa, Dokta ya ce zai ba ta shawara, ya zaɓa mata. Bara tana kwance a asibiti an yi mata aiki a ƙugu, ya sake zaɓa mata. Bana lafiyarta ƙalau, ƙafafunta biyu a ƙasa, kuma zai sake? A kan me?

Dokta Hubert Desrumaux tsohon likitan haƙori ne, shekararsa goma sha tara yana shugabancin ƙungiyar. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane magana bakinsu a wangale ba damar su mayar masa, ya kuma saba da hakan.

"Me ma kike so ki zaɓa?" in ji Ghislaine.

"Marcillac."

"Ina ne kuma nan?"

"Garinmu ne, Ghislaine. Shekara uku ina gaya miki."

Abin da ba ta gaya mata ba shi ne, yayanta Firmin ya buga mata waya a watan jiya, ya ce wannan girbin shi ne na ƙarshe. Gwiwoyinsa sun daina hawa tudu, 'ya'yansa suna birnin Toulouse ba mai sha'awar fartanya, bayan Kirsimeti za a tumɓuke gonar inabin da ubansu ya bari. Ba ta ce masa komai ba sai "to". Amma tun ranar ta ƙudura a ranta cewa kafin a tumɓuke itatuwan nan, sai mutum goma sha biyu a garin Lille sun zauna sun kira sunan garinsu da bakinsu, sun kuma sha giyarsa. Iya abin da take nema ke nan, kuma haƙƙinta ne.

Ta koma gida ta sauka ɗakin ƙasa. Kwali tara ne a jere jikin bango, ba wanda aka taɓa farkewa. Kowace shekara Firmin ke aiko mata da ɗaya tun rasuwar Baba, ita kuwa ta rantse ba za ta sha ba, saboda ko wata uku ba a yi da binne tsohon ba ya fitar da tsofaffin gangunansa na katako ya sayo tankunan ƙarfe. A tsakar gida ta gaya masa ya kashe giyar Baba, ta hau jirgin ƙasa, ba ta sake komawa ba. Yanzu ta farke kwalin ƙarshe, ta zaro kwalba ɗaya, ta goge mata ƙura da gefen rigarta. Tankin ƙarfe ko ba tankin ƙarfe ba, ƙasarsu ce a ciki.

Taron ya tafi yadda ya saba. Aka sha abin da aka sha, Dokta ya cusa hanci a kofi ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙamshin akwatin taba da tsohuwar fata, kowa ya gyaɗa kai. Solange ta zauna ta cika ta yi fam, burodi kawai take gutsura. Da aka kwashe kwalabe, Dokta ya gyara murya ya ce watan gobe, kamar yadda kowa ya gani a saƙo...

"Ban gani ba," in ji Solange. "Watan gobe nawa ne, kuma na zaɓi Marcillac."

Dokta ya cire tabarau ya yi mata murmushin nan da yake yi wa wanda zai cire wa haƙori.

"Madam Rouquette, ba raini ba ne. Nuwamba wata ne mai daraja, ana shiga sanyi, mutane na son giya mai nauyi. Wannan giyar ta tsaunuka, ai ta manoma ce, ta shan rana a gona."

"Manoman ne suke yin ta Bordeaux ɗin ma, Dokta, ba likitoci ba."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Sau nawa aka sha Bordeaux a bana?" ta ci gaba. "Sau huɗu. Na ƙirga. Shekara ashirin da takwas ina tuƙa bas a garin nan, ban taɓa tsallake tasha don mutanen da ke tsaye ba su yi mini ba. In layi ya zo kan mutum, a tsaya masa."

Dokta ya mayar da tabarau. Ya buɗe jakarsa ya fito da wasu takardu da suka yi ja don tsufa, ya lashi yatsa ya buɗe shafi. Doka ta bakwai, in ji shi. Duk wanda ya kawo yankin da ƙungiya ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, sai ya nuna ya san shi: kwalba uku a cikin safa, ya ware tasa. In ya kasa, watan ya koma hannun shugaba.

"Yaushe aka taɓa amfani da wannan dokar?" in ji Ghislaine.

"Tana nan a rubuce."

"Lokacin da Maurice ya kawo mana giyar Girka wa ya gwada shi?"

"Maurice ya yi shekara goma sha biyar a ƙungiyar nan."

To, ka ji wulaƙancin. Ashe da shirinsa ya zo, dokar da ta fi shekara talatin tana barci a jaka, yau ya tashe ta saboda direbar bas. Solange ta zaro kwalbarta daga jaka ta dire a teburi har kofuna suka yi ƙara.

"Kawo safarka. A cikin gonar nan aka haife ni. Tun ina shekara bakwai Baba ke ɗiga mini giyarta a ruwa. Ko ido a rufe zan gane ta."

Dokta ya ɗauki kwalbar ya fita wajen mai shago, ya dawo da uku, kowace cikin baƙar safa, ya jera su. Aka zuba mata a kofi uku. Mutum goma sha ɗaya suka zuba mata ido.

Ta san abin da take nema. Giyar Baba tana da kaifi, tana kama harshe, tana da warin ƙarfe da na tsohon katako, irin wadda baƙo ke yamutsa fuska in ya kurɓa, Baba ya yi ta dariya. Ta ɗaga kofi na farko. Zaƙi ya yi mata yawa, wannan ta ƙasar zafi ce. Na biyu mai laushi ne, mai tsabta, da ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan yaji a ƙarshe, ya wuce maƙogwaro ba gardama. Na uku katako ne zalla, amma sabon katako, irin na masu kuɗi. Ta sake bi ɗaya bayan ɗaya. Ta ci burodi, ta sake bi. Babu. Babu Baba a ko ɗaya.

Nan take ta gane abin da aka yi mata, ko kuwa ta ɗauka ta gane. Ta ajiye kofin a hankali, ta yi wa Dokta kallon hadarin kaji.

"Tamu ba ta cikin nan."

"Madam..."

"Ka bar ta a waje wajen mai shago, ka kawo mini uku daga kantarsa don in zaɓi ɗaya ku yi mini dariya. Ba ka ji kunya ba, da furfurarka? Ta farko ta Sifen ce ko makamancin haka. Ta uku irin taka ce. Ta biyun nan kuwa," ta ture kofin da bayan hannu, "giyar 'yan birni ce, an yi mata wanka an shafa mata mai, ba ta da ƙashi ko ɗaya. Ba a yin irin wannan a garinmu."

Dokta ya ɗaga hannuwa sama, ya ce shi ba zai taɓa ba, wani ya cire safar. Ghislaine ta miƙe tana huci, a shirye take ta taya ƙawarta faɗa. Ta zare safar farko, ta Sifen ce kuwa. Ta zare ta uku, Bordeaux. Ta kama ta biyu ta ja.

Hoton tudun gonarsu ne a jikin takardar kwalbar, da ɗan ɗakin dutse da Baba ke ajiye kayan aiki. A ƙasa an rubuta Rouquette. Har da sawun ƙurar da ba ta gama gogewa ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mata ciwo. Dokta ya zuba wa kansa kaɗan, ya shaƙa, ya kurɓa, ya daɗe bai tofar ba.

"Gaskiya ba laifi," in ji shi. "Ba laifi ko kaɗan. Sai dai doka doka ce." Ya ɗauki biro ya rubuta Bordeaux a gaban Nuwamba.

Solange ta mayar wa kwalbar murfinta, ta sa ta a jaka kusa da laima, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Haushin Dokta na nan a ƙirjinta, ba inda ya je, amma wani ya hau kansa wanda ya fi shi nauyi. Shekara tara tana fushi a madadin giyar da ba ta ko buɗe ba.

Ana yayyafi a tashar bas. Lamba goma sha huɗu ta zo, direban ya ɗaga mata hannu don ya san ta, ta yi masa alamar ya wuce. Ta fito da waya ta kira Firmin. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Solange? Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Na buɗe ɗaya yau."

Tana jin karensa na haushi daga nesa.

"Wacce?"

"Ta bara."

"To, ya kika ji ta?"

"Ban gane ta ba," in ji ta. "An jera mini ita da wasu biyu, na ce ba tamu ba ce. A gaban mutane."

"Ta bara," in ji Firmin a hankali, "daga layin itatuwan sama take gaba ɗaya. Itatuwan da Baba ya dasa shekarar da aka haife ki. Gangunan nan da kike kuka a kansu sun ruɓe tun yana raye, Solange. Warinsu kike tunawa."

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗora laifin a kan yayyafi.

"Kada ka bari a taɓa layin sama sai na zo na gan shi. Asabar ta farkon Nuwamba ina nan tafe."

"Ba ranar taronku ba ce?"

"Su sha Bordeaux ɗinsu," in ji ta. "Ka zo ka ɗauke ni a tasha, ƙuguna ba ya son tudu."