Kwana Goman Munkaila

…to ai da bakinsa ya faɗa. Kwana goma. Majo, babban ma'aikacin asibitin nan na Dogon Dutsi, sai da ya ajiye biro ya ce, "Munkaila, ƙwayar nan toshe wa tramol hanya take yi. In da saura a jininka, za ka yaba wa aya zaƙinta. Yaushe rabonka da shi?" Ga kuma Baba Alhassan tsaye, surukinsa, uban Fa'iza, mutumin da ko ruwa Munkaila bai taɓa kurɓa a gabansa ba. A gabansa za a ce ɗazu da hantsi, guda biyu, bayan rumbu? Wa ke faɗin haka?

Kwana goma, in ji shi. Ya haɗiye ƙwayar majo. Har da murmushi.

Yanzu ga hamma. Ta ashirin… ya bar ƙirga. Hanci kamar indararo. Fata ta tashi, figaggen zakara sak. Ƙafar hagu tana ta shure-shure, ba ta nemi izinin kowa ba. A bar ta, harkarta take yi. Zufa. Sanyi. Sanyi a tsakiyar bazara?

Gonakin gero na Ɗan Kassari, noman ƙodago… ƙwaya ɗaya, sai hauya ta koma kamar kara. Da ya koma sana'ar kabu-kabu, biyu. Huɗu. Fa'iza ta tsince su cikin aljihun rigar Juma'a, ta naɗe zannuwanta, sai gidansu. Baba ya ce, kwana goma ba ƙwaya, ni zan kai ka asibiti da kaina, likita na shaidawa ta koma ɗakinta.

Ciki ya murɗa. Ban ɗaki yana can ƙarshen duniya.

Kasuwar Kore Mairuwa, ranar da ya yi hawan iskar bori, Doguwa, na ƙarya: ya faɗi yana birgima, mai tsire ya arce, shi kuwa ya tashi da tsinke uku. Shekara guda ana dariya. Ashe birgimar ma bai iya ba. Ga ta gaske yau, ba mai dariya.

Daga bakin ƙofa muryar Baba: "Majo, iskar da ya yi wa ba'a ce ta zo ramuwa. Yaron nan kwana goma bai taɓa komai ba. Ni shaida ne."

Ni shaida ne… Wannan ta fi murɗar cikin.

Majo ya sunkuyo, yana warin sabulu. "Ba na iya sassauta maka sai na san gaskiya. Yaushe?"

Fa'iza… ƙashi kamar ana tatsarsa… Baba ya matso, ya karkato kunne, mai kyaun, na dama.

Bakin Munkaila ya buɗe.

Hamma ce. Wannan karon dai, hamma ce.