Ƙanƙarar da Ta Ƙi Magana

Na tofar da gutsuren ƙanƙarar da ke bakina a gaban mutane, na ce, "Da gishiri a cikinta."

Baba Mourids, maƙwabcinmu, yana durƙushe a kan ruwan da ya daskare, taku ashirin daga gaɓa. Bai ɗago ba. Ya sake buga sandarsa mai bakin ƙarfe, ya karkata kunne.

Kren mai amalanke ya juya ga 'yan'uwansa yana dariya. "To, 'yar malam ta ɗanɗana. Mourids, ajiye sandar nan, a ba ta cokali."

"A ba ni," na ce. "Cokalin ma ya fi kanka amfani, shi ana ɗiban wani abu da shi."

Shekara arba'in Baba Mourids ne ke buɗe hanyar ƙanƙara daga garinmu Nibe zuwa tsallaken arewa. Ba wanda ke sa ƙafa sai ya taka ya dawo, ya kafa rassan itace a jere, ya ce a wuce. Da kunne yake aikinsa. Ƙanƙara mai kyau tana amsa sanda kamar ƙararrawa, mara kyau kuma tana kuka kafin ta karye, har mutum ya samu ya ja baya. Kaurin yatsa huɗu na ɗaukar mutum, taƙi ɗaya na ɗaukar doki. A hannunsa ba a taɓa rasa ko akuya ba.

Amma ruwan da ya koyi aikin a kansa ba shi ne wannan ba. Shekara biyar ke nan da teku ta fasa tudun yashin da ya tare ta can yamma, ta kwararo cikin Limfjord, faffaɗan ruwan da garinmu ke bakinsa, ya koma na gishiri. Kifayen da muka sani suka mace, suka yi ta ruɓa a gaɓa. Daga baya kifin da garinmu ke cika ganguna da shi ya ɗauke ƙafa. Rumfunan da ake sa wa kifi gishiri suka zama gidan ɓeraye. A wannan hunturun hatsi ya ƙare a Nibe, ana da labarin akwai shi a ƙauyukan arewa, kuma amalanke goma sha biyu na jiran a ce a wuce. A na farko mahaifiyata za ta zauna, da zannuwan da muka saƙa, ta musanyo mana abin da za mu ci.

Ni 'yar malamin makaranta ce. Kafin ya rasu ya bar mini littattafansa bakwai da taurin kansa. A ɗaya daga cikinsu na karanta cewa ƙanƙarar ruwan gishiri laushi gare ta, tana lanƙwasa, ba ta faɗakarwa. Na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a ƙofar coci. Aka ce da ma karatu haka yake yi wa mace, shi ya sa har yau ba mashinshini.

Da rana na kai wa Inna Bodil, matar Baba Mourids, garwashi a kasko. Na same shi zaune kusa da murhu, ya cire takalman katakonsa, yana kallon bango.

"Zauna, Sidsel," ya ce. "Bodil, ba ta wani abu."

"Me zan ba ta? Tsintsiya?" in ji Inna Bodil. Duk da haka ta zuba mini ruwan zafi da ɓawon burodi a ciki.

Na ce, "Baba, me ka ji ɗazu?"

Ya ce, "Kaurinta ya wuce taƙi. Na huda wuri shida."

"Ba kauri na tambaya ba."

"Bakinki bai iya ladabi ba, kamar na ubanki." Ya murza gwiwarsa. "Ban ji komai ba. Kamar mutum ya bugi katifa. Shekara arba'in muna hira da ita, yau ta juya mini baya."

"To ka faɗa musu."

"In ce me? In ce ban ji ba? Kren zai ce tsoho ya kurmance. Gobe ya karɓi sandar, ya auna da yatsa, ya ga taƙi da rabi, ya kaɗa dawaki. Mai jin yunwa ba ya sauraron 'ban sani ba', 'yata."

"Sai ka ce musu littafi ya ce."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ke kika gwada. Yaya ta kaya?"

Inna Bodil ta ajiye ludayi da ƙarfi. "Kai dai ba inda za ka. Shekararka saba'in. Ka bar musu ƙanƙararsu su tauna."

"Na ji, uwar gida," ya ce.

A gida na roƙi mahaifiyata ta fasa. Ta ci gaba da naɗe zannuwa. "Sidsel, garin da ya rage a tulu na kwana huɗu ne. In Mourids ya ce a wuce, zan wuce. Ke ki zauna ki ci littafi."

Washegari da hantsi gari ya fito gaɓa. Ba iska, sama ta yi fari fat, hankaki ma sun yi tsit. Dawaki na tsaye a ɗaure da amalanke. Sai ga Baba Mourids yana jan ƙaramin amalankensa na hannu, da tsofaffin gangunan kifi uku a kai. Mutum biyu suka taya shi saukar da shi daga tudu, na ga yadda wuyansu ya kumbura.

"Me ka zuba ciki, tsoho?" Kren ya tambaya.

"Duwatsu. Nauyin dokinka da kai da cikinka."

"Yaushe aka fara haka? Ai taka ta kawai kake yi."

"Yau aka fara."

Na shiga gabansa da igiyar shanyarmu a hannu. "Ka ɗaura a ƙugu. Ni zan riƙe."

"Tsawonta nawa?"

"Gaba goma sha biyar."

"Zurfin yana can tsakiya, Sidsel. Igiyar Nibe duka ba ta kai ba." Ya rage murya. "In ƙanƙarar ta yi kuka, zan saki in gudu. Har yanzu ina da ƙafa."

"In ba ta yi ba fa?"

"Matsa, kina tare mini hanya."

Ya tafi yana jan kayan, yana tsayawa duk taku hamsin ya buga sanda. Muna ganinsa yana ƙanƙancewa. Inna Bodil ba ta fito ba, ta ce ba za ta kalli hauka ba. Da ya kai inda jiragen ruwa ke bi da bazara, Kren ya ce, "Kun gani? Ta ɗauka," ya fara gyara linzami.

Ban ji ƙara ba, ba wanda ya ji. Gangunan ne kawai na ga sun yi ƙasa a hankali, kamar an ɗora su kan bargo, wani baƙin ruwa ya malalo kewaye da su. Baba Mourids ya saki amalanken, ya juyo, ya yi taku uku. Wurin da yake takawa ya nutse da shi.

Maza huɗu suka ruga da tsani, suna jan ciki. Ba su kai rabin hanya ba ruwa ya fara tsattsafowa ƙarƙashin gwiwoyinsu, suka dawo.

Wata mata a bayana ta ce, ba da ƙarfi ba, "Bakin yarinyar nan ne." Wasu suka juyo suna dubana. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban sunkuyar da kai ba, har suka gaji. An ci gaba da faɗin haka a Nibe shekara da shekaru, ni kuma na ci gaba da zuwa rijiya a lokacin da kowa ke zuwa.

Ba wanda ya yarda ya je ya gaya wa Inna Bodil, sai ni. Kafin in juya na ga Kren yana kwance dokinsa, yatsunsa sun kasa warware ɗaurin, sai da ya sa haƙori. Mahaifiyata ta sauko daga amalanken farko, ta rungume ƙunshin zannuwanta, ta tsaya ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Can tsakiya, baƙin wurin ya soma yin toka-toka daga gefe, ƙanƙara tana sake rufe shi.