Ƙarfen Dakan Mama Anatu

Mahaifiyata Anatu ba ta yarda da blenda ba. Tun da ta zo daga Jos renon 'yata Gift take mita, wai yajin inji ba shi da rai. Ran nan ruwan kogin Thames ya janye a Deptford, ta sauka gaɓa ta tsinto wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi kamar ƙwallo. Shi ke nan, ta samu abin daka. Wata biyu da shi take murƙushe mana daddawa, ni kuma ina ta santi. Kaicona!

Ni gadi nake yi a wani tsohon sansanin soja can bakin kogin, inda manyan igwoyi ke jere suna kallon ruwa. Ranar Talata da hantsi masu gyaran ganuwa suka tono irin ƙarfen Mama sak. Nan take aka kori kowa, aka kira sojoji masu kwance bam.

Na ce wa ɗayansu, "Haba, irinsa fa muna da shi a kicin."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce harsashin igwa ne. In sumul yake, ƙarfe ne kawai. In kuwa yana da 'yar huda da aka toshe, cike yake da albarushi, kuma tsufa ba ya kashe albarushi.

Na Mama yana da toshi. A kansa ma take ɗora babban yatsa.

Na ciro waya na kira ta.

"Mama, ina ƙarfen nan naki?"

"Tsatsa ya yi, Hosea. Na wanke shi na ɗora a wuta ya bushe. Lafiya?"

"Yesu! Ki fita daga flat ɗin yanzu! Kada ki taɓa komai!"

"Ni kake wa tsawa?"

"Don Allah, Mama!"

Ina jin ta tana saukowa daga bene tana ƙunƙuni, hawa uku, da gwiwarta mai ciwo. Sojan ya karɓi adireshinmu yana kiran 'yan sanda. Da na jiyo ƙarar motoci ta wayar, sai na zauna dirshan a gindin igwa, na sauke ajiyar zuciya.

"To, ga ni a titi," in ji ta.

"Ki lulluɓe Gift, ku yi nisa."



"Gift kuma? Ai cewa ka yi kada in taɓa komai. Barci take."

Ban kai ga buɗe baki ba, na ji ƙofa ta buɗe, takunta ya fara hawa.